Manhajar lissafin tafiyar jirgi: nisan daidai, awoyin kuwa sai a hankali

Kafin tafiyata daga Landan zuwa Tokiyo na sauke wata manhaja da ke lissafa nisan da ke tsakanin birane biyu da awoyin da jirgi zai ci a sama. Ba ta da wahalar sha'ani. Ka rubuta sunan filin tashi da na sauka, ko haruffa ukun nan nasu, LHR da HND, nan take ta zana maka layi a taswira. Ni ta ba ni kilomita wajen 9,600, tafiyar awa 11 da minti 50.

Nisan kam ba ta yi ƙarya ba. Har na ƙaru da wani abu: layin da ta zana lanƙwasasshe ne, ya bi ta arewacin Turai ya ratsa yankin Sabiriya na ƙasar Rasha. Da farko na ɗauka kuskure ne, sai da na ɗora zare a kan ƙwallon taswirar duniya na ga ashe nan ce hanya mafi kusa. Shimfiɗaɗɗiyar taswira ce ke ruɗar ido.

A lissafin lokaci ne aka samu tangarɗa. Da tikiti ya zo hannuna sai na ga kusan awa 14. Ina manhajar ta kai awa biyu? Ashe abin da take yi bai wuce raba nisa da gudun jirgi ba, kilomita 850 ko makamancin haka a awa, ta ɗora rabin awa na tashi da sauka. Ba ta da labarin cewa tun watan Fabrairun 2022 Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Birtaniya, na Japan ma suka riƙa kauce masa. A allon bayan kujera na kalli ɗan jirginmu yana rarrafe ta kan Turkiyya, ya tsallake Tekun Kasfiya, ya shiga Kazakistan da Sin. Layin manhajar yana can arewa, ko kusa ba mu je ba. Da awa 12 ta cika na riga na sa takalmi, ƙafa duk ta kumbura, alhali da sauran aiki a gaba.

Dawowa ta fi ba ni mamaki. Maimakon mu juyo yamma, sai jirgin ya ƙara nausawa gabas, ya bi ta Alaska da kan Girinlan, ƙanƙara fari fat iyakar ganinka ta taga. Dalili shi ne akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, da hunturu gudunta kan haura kilomita 200 a awa. Matuƙa sun fi son ta tura su daga baya da su yi karo da ita. Manhajar kuwa adadi ɗaya ta ba zuwa da dawowa, kamar iska ba ta san da zaman jirgi ba.

Inda na yaba mata shi ne agogo. Ta nuna min Tokiyo na gaban Landan da awa 9 lokacin hunturu, awa 8 da bazara, wannan ya hana ni buga wa mutane waya tsakar dare. Tana nan a wayata ban goge ta ba, nakan buɗe ta in ana musun nisan gari da gari. Amma wanda zai tarbe ni a filin jirgi, lokacin da ke jikin tikiti nake tura masa.