Rode Wireless GO II a lungunan Sakkwato: yana kama murya, amma sai an iya ɓoye shi

Fim a kan samari biyu da suka taso lungu ɗaya a Kanwuri ko Mabera ba ya neman mota mai tsada ko gidan sama. Jarinsa magana ce: tsokanar da ake yi a teburin mai shayi, da yadda murya ke sauka idan zancen faɗuwa jarabawa ya taso. Da an koma situdiyo don sake ɗora murya, "mi kaka nuhi?" sai ya koma "me kake nufi?", yaro ya shiga karatu maimakon hira, fim ya rasa ransa. Shi ya sa makirufo ya fi kyamara muhimmanci a irin wannan aiki, kuma Wireless GO II, makirufo mara igiya wanda kamfanin Rode na Ostareliya ya fitar a 2021, ya cancanci a dube shi da kyau.

A cikin kwalinsa akwai 'yan akwatuna uku, kowanne bai kai kwalin ashana biyu a jere ba. Biyu na aika sauti, kowanne da makirufo a jikinsa, ɗaya kuma na karɓa, shi ake haɗawa da kyamara ko waya. Akwai hulunan gashi uku na tare iska da wayoyin caji. Batir na kaiwa awa 7 a faɗar kamfanin, kuma yana aiki ko yana jone da fawa bank. Mai ɗauka da wayar hannu ya tanadi igiyar da ta dace da bakin wayarsa, domin wadda ke cikin kwali ta kyamara ce.

Babban abin yabonsa shi ne kowane akwatin aikawa yana naɗar sauti a cikin kansa, har awa 40 idan an matse sautin, ko kusan awa 7 idan an bar shi yadda yake. Amfanin wannan a nan yake: an ce yana cin nisan mita 200, amma a fili ne, inda babu abin da ya gitta. Siginarsa irin ta Wi-Fi ce, katangar ƙasa mai kauri tana tare ta, jikin mutum ma haka. Yaro ya sa akwatin a aljihun baya, ya juyo yana fuskantar kyamara daga nesa ko ya sha kwana a lungu, sai sauti ya fara yankewa. Wanda ya kunna naɗar ciki bai yi asara ba. Sai dai ana kunna ta ne tun kafin a fara ɗauka, ta manhajar kamfanin mai suna Rode Central. A tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara kafin kowace ɗauka, da wannan ƙarar ake daidaita murya da hoto wajen tacewa.

Aibinsa ga mai fim shi ne ganuwa. Akwati baƙi mai tambari da fitila a wuyan riga ya dace da mai hira a YouTube, bai dace da yaron da ya fito a fim yana turo kura daga Tsohuwar Kasuwa ba. Dole a sayi ƙaramin makirufo mai igiya daban, a soka shi jikin akwatin, a ɓoye. A liƙa shi da filastar kemis a tsakiyar ƙirji, kamar santimita 20 daga baki, a yi wa igiyar ɗan lanƙwasa a liƙe ta ƙasa kaɗan don kada ja ya shiga sauti. Shadda mai sitaci ita ce babbar abokiyar gaba, ko numfashi yaro ya yi sai ta yi ƙaraf-ƙaraf. Rigar ƙwallo ko yadin da ya sha wanki sun fi, kuma su ne ma suturar gaskiya ta 'yan unguwa. Ga 'yan mata, ninkin hijabi ƙarƙashin haɓa wuri ne mai kyau, mace ce kuma za ta sa musu. Bakin da ake soka igiyar ba ya kullewa, don haka a naɗe shi da salatif kafin fitowar gudu ko kokawa.

Zafin Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40, yana sa zufa ta saki filasta, a riƙa sauyawa. Kada a bar akwatunan cikin mota a rana, batirinsu a ciki yake, ba a cire shi. Da hunturu kuwa hular gashi ba ta sauka.

A raba muryoyin biyu, kowa da layinsa, domin samari suna hawa kan maganar juna. Akwai tsarin kariya da ke ajiye kwafi mai ƙarancin ƙarfi da dB 20 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) saboda ihu, amma sai an haɗe muryoyin yake aiki. Ya dace da fitowar gardamar ƙwallo kawai. A rage ƙarfin sautin kyamara, a kashe tsarin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa, a bar magana tana taɓa -12 a ma'aunin sautin kyamarar.

Makirufon yana jin kowane ɓangare. Janareton gidan kallo, injin niƙa, kabu-kabu da agwagwa da buje (babur mai ƙafa uku) duk za su shiga. Kaɗan daga ciki ado ne, amma janareto ba ya gogewa, a roƙi mai shi ya kashe na minti goma. Bayan kowace fitowa a naɗi sautin wurin na minti ɗaya kowa ya yi shiru, da shi ake cike giɓi. Majalisar mutum biyar kuma ta fi ƙarfin akwati biyu: a sa wa manyan masu magana, a maimaita don sauran.

Tunda da yara ake aiki, izinin iyaye da sanin mai unguwa wajibi ne. A kuma kashe akwatin duk lokacin da yaro zai shiga gida ko ya zagaya, domin yana iya ci gaba da naɗa.

Dala 299 aka sa masa da ya fito, kuɗinsa a naira yana bin canji. Mai sayen na hannu ya haɗa akwatunan uku da Rode Central a gaban mai sayarwa, ya ga ta gane su, ya kuma bar su a kunne awa ɗaya ya duba yadda batir ke sauka.