Sayen shagon da ya riga ya kafu: me kake saya, yaya za ka biya?

Wanda ya sayi shago mai ciniki ya huta da shekarun zaman jiran masu saye. Amma kafin a zo kan farashi, tantance abin da ake sayar maka, domin ciniki biyu ne.

Na farko, ka sayi kaya da kantocin jera su da ragowar watannin haya, mai shi ya tafi da sunansa da basussukansa. Ga mai farawa, wannan ya fi kwanciyar hankali. Na biyu, ka sayi kamfanin sukutum. Idan cikakken kamfani ne mai hannun jari a rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, duk bashin da ke wuyansa, har harajin da ba a biya ba, yana nan daram, kamfanin kuwa yanzu naka ne. To me zai kai mutum? Takardu. Masana'antar fiya wata da lambar NAFDAC take da sunan kamfani, sunan ne rabin darajarta. Kemis kuwa a kula: lasisin da PCN, hukumar kula da harkar magunguna, ke ba mai sayar da magani na mutum ne da wurinsa, ba ya bin kwalaye.

Sai biya. Kuɗi hannu na jawo ragi, amma daga ranar ba ka da abin riƙe mai shagon. Bankunan da ba ruwansu da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, suna yin murabaha: su sayi abu, su sayar maka da riba sananniya. Wannan ya dace da inji ko janareta ko kaya, ba da kwastomomi ba.

Ni dai biya kashi-kashi na fi so, a rubuce, gaban shaidu. Muddin mai shagon yana bin ka kuɗi, da ƙafarsa zai kai ka wurin dilolinsa a kasuwar Singa ko Kwari ta Kano ya ce, "Ga ƙanena, ku riƙa ba shi kaya yadda kuke ba ni."

Ko wanne ka zaɓa, zauna a shagon mako biyu kana ƙirga masu shiga. Jawo kwalayen can ƙurya ka duba ranar lalacewarsu. Buɗe littafin bashi: sunan da ya shekara ba a soke shi ba, kada ka lissafa shi a matsayin kuɗi. Sannan ka je ka gaida mai ginin da kanka, ka ji ko zai sabunta hayar da sunanka, kuma nawa.