Kayan koyar da rayuwar mutanen farko: wanne ya cancanci kuɗin makaranta?

Malamin firamare da zai koya wa yara yadda mutanen zamanin dutse suka rayu da inda suka kwana, zaɓi huɗu ne a gabansa: fastar bango, kayan wasan roba, bidiyo a waya, sai yumɓu da kara. Ni dai na ƙarshen nake saye, in ma za a kira shi saye.

A samo yumɓu wurin maginan tukwane, damin karan dawa, ciyawar jinka da 'yan duwatsu. A raba aji uku: wasu su jera duwatsu su yi kogo, wasu su kafa bukka, wasu su gina zagayayyen ɗakin ƙasa. Yaron da bangonsa ya tsage bayan ya sha rana, da kansa zai gane dalilin da ya sa magina ke cuɗa ƙasa da ramno. Daga nan sai ka kawo musu labarin gida. A Birnin Kudu ta Jigawa akwai zanen shanu a jikin duwatsu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ba su jar ƙasa su zana nasu. A Dufuna ta Yobe kuma, wani makiyayi yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, wanda ya kai shekara 8,000. Auna wannan tsawon da igiya a filin makaranta ka ga yadda za su buɗe baki.

Bidiyo yana cin data da caji, kuma aji guda ba ya kallon waya ɗaya. Kayan roba kuwa kafin hutu rabinsu sun bi aljihu.

Fasta ba laifi, amma a buɗe ta a shago kafin a biya. Wadda aka taɓa kawo mana, mutum ne riƙe da mashi yana bin dainoso, wata ƙatuwar dabba ta zamanin dā, alhali waɗannan dabbobi sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, tun babu ɗan Adam ko ɗaya. Gyara wannan a kan yaro ya fi koyar da darasin wuya.

Sai masu tallar “kan Nok” a jaka, wato mutum-mutumin kai na gasasshen yumɓu irin wanda mutanen Nok na dā suka ƙera a tsakiyar Najeriya. Kada a saya. In na gaske ne, cinikinsa laifi ne a dokar Najeriya, hurumin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ne. In jabu ne, kuma galibi hakan ne, jiya aka gasa shi aka turmusa a ƙasa don ya yi kamar tsoho. Wasu ma tsofaffin ɓaraguzai ake mannawa da sabon yumɓu. Ko na gasken ma ba na zamanin dutse zalla ba ne, domin mutanen Nok sun iya narkar da ƙarfe, an ga murhunansu a Taruga, kusa da Abuja. Mai son yara su ga na ainihi ya tara kuɗin mota zuwa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya kuma aika takarda tun kafin ranar don a ba su mai zagayawa da su.