Tsohon Keken Ɗinki Mai Ƙafa Ko Sabo Na Lantarki?

Tun da mata suka ga barguna da jakunkunan da nake haɗawa da ragowar atamfa, tambayar ɗaya ce: wane keke zan saya?

Nawa tsohon Singer ne na ƙarfe, na same shi hannun wata dattijuwa duk ya yi tsatsa. Na goge shi da kananzir, na ɗiga masa man keke, na canza bel, ya tashi. Ba ruwansa da ɗauke wuta. Yana ratsa shadda ninki huɗu ba tare da allura ta karye ba, kuma ƙoshiyarsa da kwarkwaronsa ana samun su wurin masu gyara cikin sauƙi. Irin su Butterfly ma haka. Sai dai nauyi gare shi, ɗinki miƙaƙƙe kaɗai ya iya, kuma kafin ƙafa ta saba da taka shi zare zai yi ta tsinkewa. A duba haƙoransa masu jan yadi a ƙarƙashin allura kafin a biya kuɗi.

Na lantarki kuwa sauri gare shi, yana zigizag da gidan maɓalli. Amma ya fi tsada, yawancin masu araha cikinsu roba ce, in ya lalace gyara sai an sha yawo.

Wajen yara na fi natsuwa da tsohon. 'Yata tana juya shi a hankali, ina riƙe mata yadin.

Mai ɗinkin gida da wuta ba ta zama unguwarsu, ta nemi tsohon. Mai karɓar ɗinkin sallah da yawa, tana da sola ko janareta, na lantarki zai fi mata.