Yawu da ruwan ciki: aikinsu ɗaya ne wajen narkar da abinci?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa in ka daɗe kana tauna gurasa sai ta fara zaƙi a baki, amma tsire ko awa guda ka yi kana taunarsa ba ya zaƙi. Amsar tana wurin ma'aikata biyu, amilas na yawu da fefsin na tumbi. Dukansu enzayim ne, wato furotin da ke hanzarta aikin da zai ɗauki dogon lokaci in babu shi, kuma ya gama ba tare da ya ƙare ba, ya sake kama wani.

Amilas sitaci kaɗai ya sani. Yana datsa dogon zaren sitacin gurasa ko rogo zuwa sukari mai suna maltos, shi ne zaƙin da harshenka ke ji. Nama ba shi da sitacin da zai datsa, sai ya ƙyale shi. Masanin kimiyya Emil Fischer ya kwatanta wannan zaɓe na enzayim da kwaɗo da mabuɗinsa tun 1894. Masu kunun zaƙi da ke zuba dankali ko tsiron hatsi a kunu da zafinsa, irin wannan enzayim ɗin suke sa wa aiki, ko da ba su san sunansa ba.

Fefsin kuwa, wanda masanin kimiyya Theodor Schwann ya gano a 1836, furotin yake yankawa. Ni a ganina shi ya fi ban mamaki. Tumbi da kansa nama ne, to me ya hana fefsin cinye shi? Ba a sakinsa da kaifinsa. Yana fitowa a kulle, da sunan fefsinojin, sai asid ɗin ciki ya buɗe shi, sannan ga majina mai kauri da ta lulluɓe bangon tumbin.

Inda suka fi rabuwa shi ne wurin zama. A ma'aunin tsami da ake kira pH, amilas yana son kusa da 7, wato tsaka-tsaki, fefsin kuma wajen 2, tsami mai tsanani. Da loma ta jiƙu da asid ɗin ciki, amilas ya daina aiki. Da abincin ya gangara ƙaramin hanji, inda tsamin ya ragu, shi ma fefsin ya tsaya, wasu enzayim daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, su karɓi ragowar sitacin da furotin.

Zafi dai bai bar kowa ba: dukansu sun fi ƙwazo wajen digiri 37 na jiki, tafasa kuma tana lalata siffarsu kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a tukunya.