Haf gad ba riga: ka taso da andahuk ko ka nutse ƙasa?

Ɗan uwa ka tambaya a wasan jiu-jitsu na Barazil, in kana ƙasa a haf gad (ka maƙale ƙafa ɗaya ta abokin karawarka tsakanin ƙafafunka) kuma ba riga (wato ba a sa rigar wasan ba) wanne ya fi, ka zura hannu ƙarƙashin hammatar mutum (andahuk kenan) ka taso kan gwiwa, ko ka nutse ƙarƙashinsa irin dip haf. Ni dai amsata ka taso.

Andahuk ɗin nan shi ne wasan Lucas Leite ɗan Barazil. Ka kwanta ta gefe ba rigingine ba, hannunka ya zagaya ƙugun abokin karawarka, kanka manne da haƙarƙarinsa, ka maƙale ƙafarsa ka ja ta waje sannan ka taso. Shi kuma dole ya naɗe hannunka ta sama da nasa, naɗin da ake cewa wiza, to nan ake cakumar da ake cewa dogfait, kowa kan gwiwa kafaɗa da kafaɗa. In ya saki wiza ka zagaya bayansa, maki 4 kenan a dokar hukumar jiu-jitsu ta IBJJF in ka zura ƙafafunka biyu cikin cinyoyinsa, in ya tsaya ƙiƙam ka kamo gwiwarsa ta can ka ture shi maki 2, in kuma ya turo ka da ƙarfi sai ka mirgina ƙarƙashinsa ka juye shi. Wanda ya taɓa kokawa ma a nan yake jin daɗi. Haɗarin duk a wuyanka yake fa, ka bar kai ya sunkuya ko andahuk ya zame to shaƙar wuya irin das ko giyotin na jiranka, wlh sau nawa na buga hannu na sallama a kan wannan kafin na koyi ɗaga kai.

Dip haf ba wai bai aiki ba ne, Bernardo Faria ya ci gasar duniya da shi, amma fa da riga, yana riƙe gefen rigar mutum ya ɗaure shi. Ba riga ga gumi, ƙafar da ka rungume sai ta sulɓe, hannunka na waje kuma kimura (murɗa hannu ta kafaɗa) ce ke jiransa in ba ka ɓoye shi ba. Jeff Glover yana yinsa ba riga amma shi ko daƙiƙa ɗaya baya tsayawa a wurin.

Ni sai mutum ya miƙe gwiwa ya buɗe min ƙasa nake shiga dip haf, kuma ina shiga nake neman fita ta baya. Ka fara da dogfait, kai da abokin atisaye ku riƙa yin minti 2 kuna canza waye mai wiza.