Layi mai sheƙi a bangon silinda: shafar hular fil ce ko karcen ringi?

Wani ɗan'uwa daga Gombe ya kawo tambaya kan ƙaramin jirgin sama Cessna 172 mai injin Lycoming O-320 da ya kwashe kusan duk damina a ajiye. Ya zura kyamarar leƙe ta ramin fulogi a silinda ta 3, sai ya ga layi mai sheƙi, faɗinsa kamar ɗan yatsa, a gefen bango, ga kuma ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa ta sama. Gwajin matsi ya ba shi 72 bisa 80. Yana son ya san ko ringi ne ya karye, kuma ko ya kwance silindar.

Malam, kafin komai a duba inda layin yake. A irin wannan injin silindoji a kwance suke dama da hagu, fil ɗin da ya riƙe fistan kuma yana layi ɗaya da karanshaf. Idan ka ɗauki bakin silinda kamar fuskar agogo, bakunan fil suna kallon ƙarfe 3 da ƙarfe 9, wato gaban jirgi da bayansa. Inda fistan ke jingina da ƙarfi idan wuta ta tashi kuwa ƙarfe 12 ne da ƙarfe 6. Kyamara tana juya hoto yadda ta ga dama, don haka nemi bawul biyun da ramin fulogi na ƙasa ka daidaita kanka da su kafin ka ce ga inda tabon yake.

Kowane bakin fil yana da 'yar hula ta ƙarfe mai laushi, galibi alminiyam, wadda ke hana fil ɗin gugar bango. Tabon da hular nan ke bari layi ne guda, miƙaƙƙe, faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, a ƙarfe 3 ko 9. Kuma ba ya kaiwa ƙololuwa, domin fil yana ƙasa da ringi, tafiyarsa tana ƙarewa tun kafin inda ringin sama ke tsayawa. Karcen ringin da ya karye ba haka yake ba. Siriri ne, mai zurfi, yana iya fitowa a kowace kusurwa, yana kuma hawa har inda ringi ke juyowa. Na farko shafa ce, kamar an goga cokali a bango, sau da yawa ma kana hango zanen gicciye na asalin gurzar silinda a ƙarƙashinsa. Na biyu yanka ne, ya ratsa zanen gicciyen ya tsinka shi. Karkata hasken kyamarar ta gefe: karce yana yin inuwa a cikinsa, shafa ba ta yi.

Yadda ka bayyana naka, faɗin yatsa a gefe, ya fi kama da hular fil. Sai dai 72 ɗin nan kada ta kwantar maka da hankali fiye da kima. Ana yin gwajin ne fistan yana can ƙololuwa, don haka abin da ya auna shi ne bawul da ringi da ɗan yankin sama kawai. Tsakiyar bango tana iya lalacewa lambar tana nan da kyanta. Amfanin gwajin a kunne yake: iska tana huci ta bakin zuba baƙin mai, ringi ne, ta salansa, bawul ɗin hayaƙi, ta kafireto, bawul ɗin shiga. A kashe magineto, wato abin da ke ba fulogi wuta, a cire wayoyin fulogi, mutum guda ya riƙe farfela da kyau, don matsin 80 yana iya wurga ta ta karya hannu.

Filtar baƙin mai ce za ta raba gardama. Yanka ta, ka buɗe takardar ciki ka shimfiɗa a rana, ka bi ta da maganaɗisu. Abin da ya manne ƙarfe ne, daga ringi ko bango ko wani sashe na ciki. Ɓarɓashi sirara masu ƙyalli da suka ƙi mannewa, ɗiga musu ruwan sodar da ake haɗa sabulu da ita. Idan suka yi kumfa suka narke, alminiyam ne. Layi a ƙarfe 3 ko 9 tare da alminiyam a filta, hular fil ce ke cinyewa. Idan ɓarɓashin 'yan ƙalilan ne, ana canja mai da filta, a tashi 'yan awanni a sake yankawa, gwargwadon adadin da takardar Lycoming mai lamba 1492 ta tsara. Idan yana ƙaruwa, silinda ta sauka, domin ranar da hular ta ƙare fil ɗin ƙarfe ne zai fara tonon bango da kansa. Karce mai zurfi da ƙarfe a maganaɗisu kuwa ba a jira da shi.

Akwai na uku da ake rikita shi da waɗannan, wato dagulewar bango a ƙarfe 12 ko 6: faffaɗan tabo mara tsari, kamar an daɓe alminiyam ɗin fistan a jikin bango. Wannan zafi ne ko rashin mai. Iyakar zafin kan silinda a wannan injin digiri 500 ne a ma'aunin Farenhait, amma wanda ke son silinda ta daɗe yana riƙe ta ƙasa da 400. Silinda ta 3 tana baya ta dama, sau da yawa ita ce ta fi 'yan'uwanta zafi, musamman idan robar da ke tare iska a kan inji ta lanƙwashe ko ta yage. Ƙara da zafin Maris da Afrilu a Gombe da doguwar hawa da cikakken kaya, ka ga inda abin ke fitowa.

Ƙura kuma nata tabon daban: ƙananan layuka barkatai, sirara kamar gashi, a kewayen bango, kuma a dukkan silindoji huɗu, ba guda ba. Iskar da ake buɗewa don ɗumama kafireto ba ta bi ta filta, saboda haka wanda ya ja ta ya bari a ƙasa cikin hazon hunturu, yashi yake ɗura wa injinsa kai tsaye. Gwajin mai a ɗakin bincike zai nuna silikon ya hau tare da ƙarfe.

Sai ɗigo-ɗigon naka. Launin ƙasa-ƙasa a bango abu biyu ne, tsatsa ko daskararren mai, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Daskararren mai shimfiɗe yake, santsi, kalar zuma, ya cike zanen gicciye kamar an shafa fenti. Yana zuwa ne idan aka lallaɓa sabuwar silinda da ƙaramin ƙarfi, maimakon kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari da ake so a awannin farko har shan mai ya daidaita. Alamarsa shan mai da fulogin ƙasa mai jiƙe. Lissafin Lycoming ya sa iyakar injin mai ƙarfin doki 160 a wajen rabin lita a awa. Wanda ya doshi nan sai a sauke silinda a sake gurzawa a sa sabon ringi. Tsatsa kuwa ɗigo-ɗigo take, kamar zanzana, wani lokaci da zobe a kewaye daidai inda ringi ya kwana wata da watanni. Jirgin da ya sha raɓar Agusta a tsaye, tsatsa ce ta fi yiwuwa. Ta sama-sama ringi yana share ta ya bar tabo kawai. Wadda ta yi rami ba ta gogewa, kuma kaushinta yana cin hular fil, don haka mai yiwuwa tabonka biyu uwarsu ɗaya.

A nan ne mutane ke cutar kansu da kyakkyawar niyya. Juya farfela da hannu kowane mako yana share ɗan man da ya rage a bango. Tayar da inji minti goma a ƙasa yana tara ruwa ne a mai, ba ya ƙone shi. Abin da kamfanin Lycoming ya ce shi ne a tashi aƙalla awa guda cur duk kwana 30, mai ya kai digiri 165 zuwa 200 a ma'aunin Farenhait. In ba za a tashi ba, a zuba man ajiya a sa fulogi masu tsotse laima.

Duba fentin da ke jikin silindar ma. Shuɗi yana nufin bangon ƙarfe ne da aka taurara, shi ke saurin tsatsa. Ruwan lemo yana nufin kurom, wanda bangonsa ke da tsage-tsage kamar laka a busasshen kududdufi. Haka aka yi shi don ya riƙe mai, ba lahani ba ne.

Don haka kada ka kwance ta kan hoto ɗaya. Sauke fistan can ƙasa, ɗauki hoton kusurwa huɗun, ɗauki na sauran silindoji ukun don kwatance, yanka filta, wanke ragar mai ta ƙasan inji, aika mai gwaji. Ka kai wa injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da zai sa hannu a littafin jirgin duka tare, da hotuna da takardar filtar a leda.